Idan Faifai Ya Gaza: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Direbobin Ajiya Ke Tunkarar Kuskure

An tsara wannan shafi ne domin masu kula da kwamfutoci da uwayen garke, wato manyan kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima, da ɗaliban da suka fara leƙa cikin babbar manhaja, da duk wanda kwamfutarsa ta taɓa daskarewa ya ga saƙon kuskuren faifai ya rasa inda zai dosa. Yawancin misalan daga Linux aka ɗauko su, saboda rubutun manhajarsa a buɗe yake, kowa na iya dubawa ya tabbatar. An taɓo Windows a inda ya kamata.

Mene ne direban ajiya, kuma ina ruwansa da kuskure?

Direba ƙaramar manhaja ce da ke zaune cikin kanel, wato zuciyar babbar manhaja, tana magana da na'ura da yaren da na'urar ke ji. Idan ka buɗe fayil, buƙatarka hawa-hawa take sauka: daga manhajar da kake aiki da ita zuwa tsarin fayil irin su ext4 ko NTFS, daga nan zuwa sashen da ke jera buƙatu a layi, sai direba, sai kwantirola, sai waya, sannan faifan kansa. Duk abin da ya lalace a ƙasa, direba ne ke fara jin labarinsa.

Tura umarni da karɓar amsa ba wani abin wahala ba ne. Aikin yana ranar da amsa ta ƙi zuwa, ko ta zo da ƙorafi. A nan ne direba zai yanke hukunci: ya sake gwadawa, ya ɗan jira, ya sake tayar da na'urar, ko ya gaya wa na sama cewa abu ya gagara. Ɗan aike ne, kuma ɗan aiken da saƙo ya ɓace masa a hanya ya dawo ya faɗi gaskiya ya fi wanda ya dawo ya ce ya isar. Na farko jinkiri kawai ya jawo. Na biyu ya jawo asarar da ba za a gano ba sai lokaci ya ƙure.

Ai faifai ko dai yana aiki ko ya mutu. Akwai wani abu a tsakani?

Yawancin matsalolin ma a tsakanin suke. Faifai yakan kasa karanta sekta ɗaya tak, wato ɗaya daga cikin ƙananan yankunan da yake ajiye bayani, sauran duka lafiya lau. Yakan karanto bayani daidai, bayanin ya gurɓace a kan waya kafin ya isa. Yakan ce bai shirya ba, domin yanzu ya farka daga barci injinsa bai gama ɗaukar gudu ba. Wani lokacin ya ƙi umarni don bai san shi ba, wani lokacin kuma ya yi gum.

Kowanne da maganinsa, shi ya sa ƙa'idojin sadarwa suka ba faifai hanyar faɗin abin da ke damunsa. A tsarin SCSI, idan umarni ya gaza, faifai yana dawo da matsayin CHECK CONDITION tare da lambobi uku: lambar rukuni, da wasu biyu, ASC da ASCQ, masu ƙara fayyacewa. Rukuni na 2 na nufin bai shirya ba. Na 3, lahani a jikin faifai. Na 4, matsala a kayan cikinsa. Na 5, umarni mara inganci. Na 6 sanarwa ce cewa wani abu ya canza, misali an sake tayar da shi. Akwai kuma rukuni na 1, wanda ke nufin an sha wahala amma an karanto. Aiki ya yi, sai dai a yi hattara. Faifan SATA yana da nasa alamomin: UNC idan bayanin sekta ya gagara gyaruwa, ICRC idan a hanya ya lalace, ABRT idan ya yi watsi da umarni. A Linux sashen libata ne ke mayar da waɗannan zuwa yaren SCSI.

Abin takaici shi ne kafin labarin ya isa ga manhajar mai amfani, kusan duk wannan bayani ya zube, sai lamba ɗaya ta rage: EIO, kuskure mai lamba 5. Tun daga kanel 4.13 na shekarar 2017 aka ba sashen layi nasa jerin matsayai domin ya bambanta lahanin faifai da katsewar hanya da ƙarewar wa'adi, amma cikakken labarin har yanzu a kundin kanel yake, wato rahoton da kanel ke rubutawa, wanda umarnin dmesg ke nunawa.

Na ga wasu layuka a dmesg masu ɗauke da ata1.00 da UNC. Yaya ake karanta su?

Daga sama ake farawa, domin layin ƙarshe sakamako ne kawai. Da farko za ka ga sunan tashar, ata1.00, wato na'ura ta farko a tasha ta ɗaya, da umarnin da ya gaza, misali READ FPDMA QUEUED. Wannan karatu ne da aka tura ta hanyar NCQ, tsarin da ke barin faifan SATA ya riƙe umarni har 32 a lokaci guda ya jera su yadda ya fi masa sauƙi. Idan ɗaya ya gaza, faifan yana zubar da duka. Dole direba ya karanta wani shafin rahoto na musamman a cikin faifan, mai lamba 10h, ya gano wanne ne mai laifi, sannan ya sake tura sauran da ba su ji ba ba su gani ba. Shi ya sa ba duk umarnin da ka ga an ambata a kundi ne ke da matsala ba.

Layin da ya fi muhimmanci shi ne mai faɗin nau'in kuskure. In ka ga UNC, a ƙasa kuma Medium Error da Unrecovered read error da lambar sekta, to lahanin a jikin faifai yake. In kuwa ICRC ka gani ko BadCRC, tare da hard resetting link, daga baya kuma limiting SATA link speed to 3.0 Gbps, to ka fara zargin waya, ko bakin tasha, ko wutar da ke shiga faifan. Abin da ya faru shi ne libata ya ga kurakuran hanya sun yi yawa, sai ya rage gudu daga 6.0 zuwa 3.0, in abin bai daina ba zuwa 1.5. Yakan ma kashe NCQ ɗungurum.

Bambance waɗannan biyun yana ceton kuɗi. Faifai masu lafiya da yawa an jefar da su alhali waya ce kawai ta saki.

Me ya sa direba ba zai yi ta maimaitawa ba har sai ya dace?

Domin kafin faifai ya ce UNC, ya riga ya yi iya ƙoƙarinsa. Kowace sekta tana ɗauke da lambobin gyaran kuskure. Faifai mai juyawa yakan sake bi ta kan wurin sau da yawa yana ɗan gusa kan karatunsa, wato allurar da ke karanto bayani, SSD kuma, wadda ba ta da sassa masu motsi, takan sake karantawa da ma'aunin wuta dabam-dabam. Maimaitawar direba a kan wannan ba ta cika ƙara komai ba sai ɓata lokaci da ƙara gajiyar da faifan da ke kan gargara.

Kuskuren hanya dabam yake, sake turawa yakan wadatar. Wanda bai shirya ba a ɗan jira shi. Umarni mara inganci kuwa ko sau dubu aka tura amsar ɗaya ce. Direban sd na Linux, mai kula da faifan SCSI da SATA, yana da iyakar maimaitawa 5, haka ma na NVMe, wato tsarin sadarwar SSD masu sauri. A NVMe ma na'urar da kanta ke saka wata alama, DNR, a cikin amsarta, ma'ana kada a sake turo wannan umarni.

Idan faifai ya yi shiru fa? Me ya sa kwamfuta gaba ɗaya ke daskarewa?

Shiru ya fi ƙorafi wuyar sha'ani, domin direba bai san ko umarnin ya isa ba, ko yana kan aiki, ko na'urar ta suma. Abin da yake da shi kawai agogo ne. A Linux kowane umarni ga faifan SCSI ko SATA yana da wa'adin sakan 30, kuma ana iya ganin wannan lamba a /sys/block/sda/device/timeout. Idan wa'adi ya cika, sai a fara da mafi sauƙi, wato a nemi na'urar ta soke wannan umarni. In bai yiwu ba, mai kula da kurakuran SCSI ya karɓi ragama ya bi matakai: ya sake tayar da faifan, sannan na'urar da faifan ke ciki, sannan layin gaba ɗaya, a ƙarshe kwantirolar kanta. Bayan kowane mataki yana tambayar faifan ko ya shirya. In duka sun gaza sai a cire shi daga aiki, ka ga saƙon Device offlined a kundi. Faifan SATA yana bin hanyar libata ne, inda ake sake tayar da mahaɗin waya, amma tunanin ɗaya ne: daga ƙaramin mataki zuwa babba.

Yayin da ake wannan, ana dakatar da sababbin umarni ga duk faifan da ke kan wannan kwantirola, har da masu lafiya. Kowane mataki kuma yana da nasa lokacin jira, don haka sakan 30 na iya zama mintuna. Manhajojin da ke jiran amsa suna shiga matsayin D, barcin da ko umarnin kill ba ya tayarwa, kuma bayan sakan 120 kanel yakan fara rubuta ƙorafin cewa wani aiki ya maƙale. Ga uwayen garken da ke da hanya biyu zuwa ma'ajiya ɗaya, wannan jira asara ce zalla, domin da an yi saurin sallamawa da an koma ɗaya hanyar. Don haka aka ƙara saitin eh_deadline, wanda ke cewa idan lokaci kaza ya wuce a tsallake matakan tsakiya a tafi kan kwantirola kai tsaye.

RAID ya kori faifaina, amma na gwada shi yana aiki. Me ya faru?

RAID tsari ne na haɗa faifai da yawa su yi aiki tare, yawanci yadda in ɗaya ya gaza sauran za su riƙe bayanin. Abin da ka gani kuwa, sau da yawa agogo biyu ne suka saɓa. Faifan da aka ƙera domin kwamfutar gida yana ɗauka cewa shi kaɗai ke riƙe da bayanin, don haka idan ya ci karo da mummunar sekta yakan nace, har ya haura minti ɗaya yana fama, ba ya amsa kowa. Kanel kuwa sakan 30 yake jira. Wa'adi ya cika, kanel ya sake tayar da mahaɗi, faifan bai kula ba, aka ɗauka ya mutu, RAID ya fitar da shi. Matsalar sekta ɗaya ta zama rashin faifai guda.

Da faifan ya yi saurin cewa ya kasa karanta sekta kaza, da md, wato RAID na Linux, ya ɗauko bayanin daga sauran faifan ya sake rubuta shi a wurin. Wannan rubutu shi ke sa faifai ya gyara sektar ko ya musanya ta da ɗaya daga cikin na ajiya, kuma mai amfani ba zai ma san an yi ba.

Kamfanoni sun tanadi saitin taƙaita wannan naci: Western Digital na kiransa TLER, Seagate na kiransa ERC. Faifan da aka yi domin RAID yawanci sakan 7 ake sa musu. Umarnin smartctl -l scterc zai nuna ko faifanka yana da shi, kuma scterc,70,70 yana saita sakan 7 ga karatu da rubutu. Ka lura, faifai da yawa suna mantawa da saitin idan aka kashe su, don haka a sa shi cikin abubuwan da ake gudanarwa duk sanda kwamfuta ta tashi. In faifan ba shi da wannan dama, sai a ɗaga wa'adin kanel zuwa sakan 180. Ƙa'idar ita ce wa'adin na ƙasa ya riga na sama cika.

Haɗarin yana ƙaruwa lokacin sake gina RAID, domin a lokacin ne ake karanta kowace sekta ta sauran faifan, har da wuraren da aka daɗe ba a taɓa ba. Wani nazari da aka buga a 2007 a kan faifai miliyan 1.53 na abokan cinikin NetApp, wani kamfanin ma'ajiyar bayanai, ya gano cewa kashi 3.45 cikin 100 sun samu irin wannan ɓoyayyar lalacewar sekta cikin wata 32. Shi ya sa ake bin faifan RAID kaf lokaci-lokaci ana karantawa, a gano lahani tun akwai inda za a ɗauko madadi.

Me ya sa ake cewa kuskuren rubutu ya fi na karatu haɗari?

Idan karatu ya gaza, mai tambaya yana nan tsaye yana jira, sai a ba shi EIO nan take. Rubutu ba haka yake ba. Idan manhaja ta kira write, kanel yana zuba bayanin a RAM ne ya ce an gama, sai daga baya, wani lokacin bayan sakan 30, ya tura wa faifai. In faifan ya ƙi karɓa a lokacin, wa za a gaya wa? Wataƙila manhajar ta rufe fayil ɗin ta yi gaba. Don haka aka tanadi fsync: manhaja ta ce ba za ta matsa ba sai an tabbatar mata bayaninta ya sauka a faifai.

A farkon 2018 Craig Ringer, ɗaya daga cikin masu aiki a kan rumbun bayanai na PostgreSQL, ya bayyana wata matsala da ta girgiza masu wannan fanni. PostgreSQL yana ɗauka cewa idan fsync ta gaza, bayanin yana nan a RAM yana jiran a sake gwadawa, idan kuma ta biyu ta yi nasara to komai ya sauka. A Linux ba haka abin yake ba. Da zarar rubutu ya gaza, kanel yana iya ɗaukar shafukan, wato guntayen bayanin da ke RAM, a matsayin waɗanda aka gama da su, ya faɗi kuskuren sau ɗaya, ya share alamar. Kira na biyu zai dawo da nasara saboda babu abin da ya rage a layi, alhali bayanin bai taɓa isa faifai ba. Rumbun sai ya ci gaba da harkarsa, ya ma saki rajistar canje-canjen da zai iya farfaɗowa da ita.

Masu kanel suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Mutum ya zare filash ana tsakiyar rubutu. In aka ce sai an riƙe shafukan har su sauka, RAM za ta cika da bayanin da ba shi da wurin zuwa. FreeBSD, wata babbar manhajar dabam, ya zaɓi riƙewa ya sake gwadawa, Linux ya zaɓi saki. Inda aka yi kuskure shi ne ba a fayyace wa masu rubuta manhaja wannan ɗabi'a ba, aka bar kowa da zatonsa shekara da shekaru.

Gyara ya zo ta ɓangare biyu. A kanel 4.13 Jeff Layton ya riga ya kawo sabuwar hanyar ƙirga kurakuran rubutu, yadda duk wanda fayil ke buɗe a hannunsa zai ji labari, ba na farkon da ya tambaya kaɗai ba. A 2018 aka ƙara cewa kuskuren da ba wanda ya gani tukuna za a faɗa wa wanda ya buɗe fayil ɗin daga baya. PostgreSQL kuma, daga fitowar Fabrairun 2019, ya daina sake gwadawa: idan fsync ta gaza sai ya tsaya cak, ya farfaɗo daga rajistarsa. InnoDB na MySQL da WiredTiger na MongoDB ma sun ɗauki irin wannan mataki. Ga mai rubuta manhaja, abin yi a fili yake: gazawar fsync na nufin ka ɗauka bayanin bai sauka ba, ka sake rubuta shi daga tushe.

Tsarin fayil ɗina ya koma na karatu kawai. In mayar da shi yadda yake?

Kada ka yi gaggawa. ext4 yana da zaɓi uku idan ya gano ɓarna a bayanansa na ciki: ya ci gaba, ya koma karatu kawai, ko ya tsayar da kanel. Wasu rabe-raben Linux suna sa errors=remount-ro, wato zaɓi na biyu, a kan babban faifai. XFS shi rufe kansa yake yi. Kariya ce, domin rubutu a kan tsarin da ya fara rikicewa yana yaɗa ɓarnar. Ka fara karanta kundi ka san dalili, ka kwashe abin da ke da muhimmanci, sannan ka yi maganar gyara.

Akwai kuskuren da direba ba ya gani sam?

Akwai, kuma shi ya fi ban tsoro. Faifai yana iya rubuta bayani a wurin da ba nan aka ce ba, ko ya ce ya rubuta alhali bai rubuta ba, ko ya dawo da tsohon bayani, duk da amsar nasara. Direba ba shi da hanyar sani. Wani nazarin na 2008 a kan faifan NetApp ya ƙirga irin wannan saɓani sama da 400,000 cikin wata 41. Maganinsa a sama yake: tsarin fayil irin su ZFS da Btrfs suna ajiye lambar tantancewa ga kowane guntun bayani, su duba ta duk sanda aka karanta, in akwai kwafi na biyu su gyara. Wasu faifan manyan ma'ajiyoyi kuma suna ƙara bayit 8 a kan kowace sekta mai bayit 512 domin wannan aiki.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne filash da katin memori na jabu da ake sayarwa da araha. An sauya manhajar cikinsu ta yadda za su faɗi girman da ba su da shi. Kana zuba fayil suna karɓa, suna cewa an gama, amma da zarar ainihin wurin ya cika sai sabon bayani ya hau kan tsoho ko ya ɓace. Sunayen fayil suna nan, cikinsu babu komai. Manhajojin f3 da H2testw suna cika na'urar da bayani su sake karantawa su kwatanta. A gwada sabon filash da su kafin a ba shi amanar hotunan biki ko takardun makaranta.

SMART ya ce PASSED. Ke nan faifaina lafiya?

A'a. SMART tsarin duba lafiya ne da ke cikin faifan kansa. Hukuncinsa ba ya canzawa sai wata ƙididdiga ta haura iyakar da kamfani ya sa, kuma faifai na iya zubar da bayani tun kafin nan. Ka duba lambobin da kanka: 5, sektocin da aka musanya, 197, waɗanda aka kasa karantawa suna jiran hukunci, 198, waɗanda suka gagara gyara, 199, kurakuran waya. Ta 199 ba ta raguwa ko ka sauya waya, abin dubawa shi ne ko tana ƙaruwa.

Nazarin da injiniyoyin Google suka buga a 2007 a kan faifai sama da 100,000 ya nuna fuska biyu. Faifan da aka gano masa kuskuren sekta na farko ya ninka sauran sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Amma kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama a SMART ba. Gargaɗinsa abin ɗauka ne da gaske, shirunsa kuwa ba shaida ba ce.

Yaya abin yake a Windows?

Tsarin ya yi kama. Storport, wanda ya zo da Windows Server 2003, shi ke riƙe da layi da wa'adi, yana sake tayar da na'ura daga ƙaramin mataki zuwa babba. A Event Viewer, lamba 129 na nufin wa'adi ya cika an sake tayar da na'ura, 153 an maimaita wani umarni, 7 an ci karo da mummunan guntu, 51 kuskure ne wajen musayar shafukan RAM da faifai. Wa'adin yana cikin rajistar saituna ta Windows, wato Registry, da sunan TimeOutValue. Idan kanel ya nemi wani shafinsa daga faifai ya kasa samu, ba shi da zaɓi sai shuɗin allo mai ɗauke da KERNEL_DATA_INPAGE_ERROR.

NVMe fa, tunda ba ta da sassa masu motsi?

Wa'adinta ma sakan 30 ne a Linux. Idan ya cika, direba yana fara leƙa layin amsoshi, ko amsar ta zo sanarwarta ce ta ɓace. In babu, ya nemi a soke umarnin, in hakan bai yi ba ya sake tayar da kwantirola. Saƙon controller is down tare da CSTS=0xffffffff yana nufin na'urar ta daina amsawa a kan PCIe kwata-kwata. Sau da yawa a kan laftof dalilin shi ne ta shiga barci mai zurfi na tsimin wuta ta kasa farkawa. Ana gwada wannan da saitin nvme_core.default_ps_max_latency_us=0, kuma sabunta manhajar cikin na'urar yakan magance shi.

Wa'adi ba lamba ɗaya ba ce ga kowa. Faifan EBS na Amazon suna bayyana kamar NVMe alhali ta hanyar sadarwa suke tafiya, shi ya sa kamfanin ke ba da shawarar a ɗaga io_timeout zuwa iyakarsa, kada ɗan jinkiri ya sa a yanke wa faifai hukuncin mutuwa.

Ɗauke wuta yana da alaƙa da wannan?

Ƙwarai, musamman a garuruwan da wuta ke zuwa tana tafiya ana komawa janareta. Faifai yana da tasa ƙaramar ma'ajiyar wucin gadi, yakan ce an gama tun bayani yana cikinta. Tsarin fayil yana kare kansa ne ta hanyar tura umarnin FLUSH, ko rubutu mai alamar FUA, wanda ba a amsa shi sai bayani ya zauna. Wajibin direba ne ya isar da waɗannan umarni, ya kuma faɗi gaskiya idan sun gaza. Wasu akwatunan faifai na USB masu araha ba sa bayyana ko akwai wannan ma'ajiya, sai kanel ya yi zato. Su kansu na'urorin ba duka ke cika alkawari ba: a wani gwaji da aka buga a 2013, an riƙa yanke wa SSD 15 wuta ana tsakiyar rubutu, 13 suka nuna lahani. SSD na manyan ma'aikatu suna da kafasito da ke ba su damar kammala rubutu. Ga sauranmu, UPS ba kayan ado ba ne.

Ina koyon rubuta direba. Me zan fi kiyayewa?

Hanyar kuskure ita ce aka fi barinta ba gwaji, domin faifan da ke kan teburin mai rubutu lafiyarsa ƙalau. Masu bincike a Jami'ar Stanford sun nuna a 2001 cewa kurakuran rubutun manhaja a direbobin Linux sun ninka na sauran kanel sau uku zuwa bakwai. A 2008 wasu a Jami'ar Wisconsin suka bi tsarin fayil da direbobin ajiya na Linux 2.6, suka tarar cewa cikin kira 9,022 masu iya dawo da kuskure, 1,153 sun yar da shi ba tare da an duba ba, kusan kashi 13 cikin 100.

Kada ka jira na'ura ba iyaka. Kowane zagayen jira ya kasance da wa'adi. Kada ka amince da lambar da na'ura ta ba ka har ka yi amfani da ita wajen nuna wuri a RAM ba ka tantance ba. Kowane umarni a kammala shi sau ɗaya tak. Wannan ya fi yadda ake zato wuya, domin amsa na iya isowa daidai lokacin da wa'adi ke cika, hanyoyi biyu su yi rige-rige a kan umarni ɗaya. Kada ka saki wurin RAM da na'ura ke iya rubutawa a ciki sai ka tabbatar ta tsaya. Ka kuma tuna cewa lokacin da RAM ta ƙare, ta hanyar direbanka kanel ke neman sarari, don haka hanyar gyaran kuskure ba za ta dogara da samun sabon wuri ba.

Sannan ka jawo kuskuren da hannunka. scsi_debug yana ƙirƙirar faifan ƙarya da za ka umarta ya yi shiru ko ya dawo da lahani. dm-flakey yana aiki na ɗan lokaci ya gaza na ɗan lokaci. dm-dust yana kwaikwayon munanan sektoci. Ka zare waya ana tsakiyar rubutu, ka ga ko direbanka zai faɗi gaskiya.

Yanzu haka ina ganin Medium Error a kan faifan da ba ni da kwafinsa. Me zan fara yi?

Ka daina rubutu a kansa. Kada ka fara da manhajojin gyaran tsarin fayil irin su fsck ko chkdsk, domin suna bin faifai lungu-lungu suna rubuta gyare-gyare, kuma faifan da ke mutuwa ba lalle ya kai ƙarshen aikin ba. Ka samo wani faifai mai girmansa ko fiye, ka kwafe da GNU ddrescue, wanda ke fara kwashe wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi, ya tsallake masu wuya, sai daga baya ya dawo kansu. Ka ba shi fayil ɗin taswira domin in aikin ya katse ya ci gaba daga inda ya tsaya. In da hali ka haɗa faifan kai tsaye da tashar SATA maimakon akwatin USB, domin akwatuna da yawa sukan rikice idan faifai ya daɗe bai amsa ba. Duk gyaran tsarin fayil a kan kwafin za a yi shi. In kuwa faifan yana ƙwanƙwasa ko yana ɓacewa yana dawowa, kuma abin da ke ciki ba shi da madadi, ka kashe shi ka kai wa masu ceto bayanai tun kan karatunsa bai karce saman faifan ba.